Tiyar awon ɗalibai a manyan jami'o'in Amurka, daga 1922 zuwa 2023

Gabatarwa

Mu da muka yi karatu bisa tsarin Faransa mun saba da hanya guda: idan wurare suka yi kaɗan, masu nema suka yi yawa, sai a shirya kwankur, a jera sunaye bisa maki, a ja layi. Manyan jami'o'in Amurka, irin su Harvard da Yale da Princeton, ba haka suke yi ba. Suna duba maki, amma suna duba wasanni, da halin yaro, da yankin da ya fito, da jami'ar da ubansa ya yi, kuma har zuwa shekara ta 2023 suna duba launin fatarsa. A cikin wannan takarda za mu bi tarihin wannan awo, mu nuna cewa tiya guda ce aka yi ta aiki da ita shekara ɗari, don rufe ƙofa da kuma don buɗe ta.

1. Yadda "hali" ya shiga cikin awo

A farkon ƙarni na 20, shiga Harvard ba ta da wani sirri: wanda ya ci jarrabawar shiga, kuma yana da kuɗin biya, ya shiga. Yawancin masu ci ƴaƴan masu hali ne farar fata, ƴan Furotesta. Sai ƴaƴan Yahudawan da suka yi ƙaura daga gabashin Turai suka fara cin jarrabawar da yawa. A 1922 sun zarce kashi 20 cikin 100 na sababbin ɗalibai. Shugaban jami'ar, A. Lawrence Lowell, ya nemi a ƙayyade su a kashi 15. Maganar ta fita a jaridu, aka yi ta surutu, kuma a 1923 kwamitin da aka kafa ya ƙi yarda da ƙayyadewa a fili.

Abin da bai samu ta ƙofa ba, Lowell ya same shi ta taga. A 1926 aka tsayar da yawan sababbin ɗalibai a 1000, aka ba masu zaɓe ikon duba "hali" da "dacewa". Aka shiga neman hoto, da wasiƙun shaida, da ganawa ido da ido. Takardar neman shiga kuwa tun 1922 tana tambayar addini, da inda aka haifi uba, da ko iyali sun taɓa sake suna. A shekarun nan ne kuma jami'o'in suka ƙarfafa fifita ƴaƴan tsofaffin ɗalibansu da ƴan jihohi masu nisa, inda Yahudawa ba su da yawa. Lokacin da Lowell ya sauka a 1933, yawan Yahudawa ya koma wajen kashi 15. Masanin zamantakewa Jerome Karabel ya tono wannan labari daga ma'ajiyar takardun jami'o'in, a littafinsa na 2005. Amfanin "hali" ga mai zaɓe shi ne ba ya ƙirguwa, don haka wanda aka ƙi ba ya da abin kai ƙara.

2. An juya tiyar

Bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 1954 da ya haramta raba makarantu bisa launi, da dokar ƴancin ƴan ƙasa ta 1964, iska ta sake. A 1965, a jami'ar Howard, shugaba Lyndon Johnson ya yi bayanin cewa ba adalci ba ne a kwance mutumin da ya daɗe cikin mari, a kai shi bakin layin tsere, a ce masa ya kara da saura. Bayan kisan Martin Luther King a 1968 da tarzomar da ta biyo baya, manyan jami'o'i suka tashi neman ɗalibai baƙar fata. Ba su ƙera sabon ma'auni ba. Ikon nan na duba abin da ya wuce maki, wanda suka gada daga zamanin Lowell, shi suka ɗauka.

3. Kotu ta shiga tsakani

Makarantar koyon aikin likita ta jami'ar Kaliforniya da ke Davis ta keɓe wurare 16 cikin 100 ga ƴan tsiraru. Allan Bakke, farar fata, wanda aka ƙi ɗauka a 1973 da 1974, ya kai ƙara. A 1978 Kotun Ƙoli ta ba shi gaskiya, ta hana keɓe wurare. Amma alƙali Lewis Powell ya ce ana iya sa launi cikin abubuwan da ake dubawa, saboda aji mai mutane iri-iri ya fi amfani ga karatu. Misalin da ya kawo na hanyar kirki shi ne tsarin Harvard. Abu biyu suka faru a nan. Hujja ta tashi daga gyaran zaluncin da aka yi wa baƙar fata ta koma amfanin aji, sa'an nan shari'a ta fifita awon da ba a gani a kan awon da ake ƙirgawa.

Hukunce-hukuncen 2003 a kan jami'ar Michigan sun tabbatar da haka. Sashen da ke ƙara wa ƴan tsiraru maki 20 cikin 150 ya faɗi. Sashen koyon shari'a, wanda ke duba launi ba tare da lamba ba, ya tsira da ƙuri'a 5 a kan 4, kuma alƙaliya Sandra Day O'Connor ta yi fatan bayan shekara 25 ba za a bukaci haka ba. Wasu jihohi ba su jira ba. Kaliforniya ta haramta duba launi a jami'o'in gwamnati da ƙuri'ar jama'a a 1996, kuma a 1998 yawan baƙar fata da aka ɗauka a Berkeley ya faɗi da fiye da rabi. Texas kuwa ta yi doka a 1997 mai ba kashi 10 na farko na kowace lise wuri a jami'o'in jihar.

4. Shari'ar Harvard

A 2014 wata ƙungiya ƙarƙashin Edward Blum ta yi ƙarar Harvard da sunan ɗalibai ƴan asalin Asiya. Zaman shari'ar da aka yi a Boston a 2018 ya tilasta wa jami'ar buɗe takardunta. Aka ga ana ba kowane mai nema lamba a fannin karatu, da ayyukan wajen aji, da wasanni, da hali, kuma ƴan Asiya, duk da ƙarfinsu a karatu, su ne a ƙasa wajen lambar hali. Masu ƙara suka ce Lowell ya dawo. Harvard ta musa, kuma ta yi nasara a kotun farko a 2019. Amma ranar 29 ga Yuni 2023 Kotun Ƙoli, ta bakin shugabanta John Roberts, ta haramta duba launi a Harvard da jami'ar Karolina ta Arewa, ta bar wa ɗalibi damar bayyana yadda launinsa ya shafi rayuwarsa. A ɗaukar 2024, baƙar fata a MIT sun sauko daga wajen kashi 13 zuwa kashi 5.

Takardun sun tona wani abu da hukuncin bai taɓa ba. Binciken masanin tattalin arziki Peter Arcidiacono da abokansa ya nuna kashi 43 cikin 100 na farar fatar da Harvard ta ɗauka ƴan wasa ne, ko ƴaƴan tsofaffin ɗalibai, ko ƴaƴan ma'aikata, ko waɗanda ke cikin jerin shugabanni, inda ƴaƴan masu ba da gudummawa suke. Wannan fifiko, wanda ya girmi na baƙar fata da shekara arba'in, ya tsallake 2023 lafiya.

Kammalawa

Ba mu ce kwankur ya fi adalci ba: maki ma yana ɗauke da alamar gidan da yaro ya tashi da makarantar da ya samu. Amma tarihin da muka bi ya nuna cewa sau uku, a shekarun 1920, da 1960, da 2023, an gyara awon bayan an ga sakamakon da bai yi wa wasu daɗi ba. Saboda haka, duk inda wurare suka yi kaɗan, tambayar da ta kamaci mai bincike ita ce: wa ke riƙe da tiyar, kuma wa ke da ikon leƙa cikinta? Ƴan Asiyan da suka kai ƙara sai da suka shekara huɗu kafin su ga yadda aka auna su. Yahudawan 1926 kuwa, yawancinsu sun mutu ba su gani ba.