Daidaita amo wajen haɗa waƙa a Kano

Daidaita amo, wanda masu sana'ar ke kira EQ, hanya ce ta ƙara ko rage ƙarfin wani sashe na sauti, domin murya da kayan kiɗa su fito sarai idan aka haɗa su.

Tun bayan da fim ɗin Sangaya na 1999 ya yi farin jini, kiɗan fiyano ya mamaye waƙoƙin finafinan Hausa. A yau ana ɗaukar murya da ganga da fiyano kowanne a layinsa, sannan a haɗa su a kwamfuta da manhajoji irin su Cubase da FL Studio.

Ma'aunin sauti

Ana auna kauri ko sirantar sauti da ma'aunin hertz. Kunnen ɗan Adam na jin daga 20 zuwa 20,000.

Ganga mai kauri na zaune ne a ƙasa da 200, yayin da fitar kalmomin mawaƙi ta dogara kan abin da ke tsakanin 2,000 da 5,000.

Idan fiyano da murya suka yi cunkoso a wuri ɗaya, kalmomi kan dushe. Sabon shiga kan yi gaggawar ƙara wa murya ƙarfi, alhali abin da ya fi shi ne a ɗan rage fiyanon a daidai wurin.

Matsalar wuta

Kamar yadda masana'antun Sharada da Challawa da Bompai suka daɗe suna dogaro da janareto saboda ƙarancin lantarki, haka ma situdiyoyin da ke titin Gidan Zoo.

Lantarkin Najeriya na gudana ne a kan hertz 50, kuma idan haɗin wayoyi bai yi kyau ba, yakan bar gurnani a cikin abin da aka ɗauka. Rugugin janareto ma kan shiga makirfo.

Don haka akan yanke duk abin da ke ƙasa da 80 a layin murya. Sai dai idan yankan ya haura da yawa, muryar kan siranta, musamman ta namiji.

Matakin ƙarshe shi ne a saurari waƙar a wayar salula da ƙaramar lasifika, domin da su akasarin jama'a za su ji ta.