Yaƙi da Jahilci: Bashin da ke Kanmu

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai da malamanmu, ko kun tuna ajin dare na ƙofar gidan mai unguwa? Asalinsa tun shekarun 1950 ne, sa'ad da Gwamnatin Jihar Arewa ta ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta Zariya tana buga wa manya littattafan koyon karatu. A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilimin Manya a Kano, har UNESCO ta ba ta lambar yabo a 1983.

A irin wannan aji, da fitilar ƙwai, na koya wa mahaifina rubuta sunansa. Tun daga ranar bai sake dangwala yatsa a takarda ba. To, in ba mu ba, wa zai farfaɗo da ajin unguwarmu?