Daga Katuru zuwa wayarka: tarihin bindiga da hannun yaro

Idan kana yawan kallon bidiyo a YouTube ko TikTok, wataƙila ka taɓa cin karo da wani Ba'amurke yana rage tsawon ƙotar bindigar farauta don ta yi wa ɗansa daidai. Ƙota ita ce katakon baya da ake dafawa a kafaɗa. Ta manya takan kai inci 14 daga kunama zuwa ƙarshe, ta yara kuma inci 12 zuwa 13. Dalilinsu shi ne, in ta yi wa yaro tsawo sai ya riƙa ranƙwafawa baya, in ta tashi ta bugi kafaɗarsa. Kafin ka ce abin ya burge ka har ka tura wa abokai, tsaya mu waiwayi yadda bindiga ta shigo ƙasarmu, da kuma wanda ake yarda ya riƙe ta.

Ita kalmar bindiga daga Larabci muka aro ta. A Borno, tun ƙarni na 16 Mai Idris Alooma yana da 'yan bindiga da Turkawa suka horar. A Kano kuwa, Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ne sarki na farko da ya ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa. Ka lura fa: kayan fada ce, ba ta kowa da kowa ba.

Yanzu mu dawo gida, arewacin Zamfara. A 1808 aka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, kuma Namoda, wanda Ƙaura Namoda ta samu suna daga gare shi, yana cikin jagororin yaƙin. Makaman zamanin su ne baka da kibiya, mashi da takobi. Shekara 18 bayan haka, a 1826, wani Bature matafiyi mai suna Clapperton ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta kewaye Konya, garin Gobirawa. Ya ƙiyasta mutanen sun kai 50,000, amma bindigogin da ke cikinsu 40 da 'yan kai ne kacal. Ya kuma ga yadda mai bindiga ke harbawa sau ɗaya, ya ruga baya inda kibiya ba ta kaiwa, ya sake ɗura albarushi. In ka taɓa jin an ce "harba ka ruga", to ga hotonta nan.

Wanda ya gaji Bello, wato Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, ya rasu a 1842 a Katuru, cikin ƙasar Shinkafi ta yau, bayan yaƙi da Gobirawan Tsibiri. Shi ya sa ake ce masa Atiku Mai Katuru. Ka ga kenan wannan yanki ya san yaƙi tun da daɗewa, amma ko a lokacin bindiga ƙalilan ce, kuma an san hannun da take.

A 1890 ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a Brussels, suka taƙaita shigo da bindigogin zamani yawancin Afirka, aka bar wa mutane masu ɗurin albarushi ta baki. A 1903 Turawan Ingila suka ci Sakkwato da bindiga mai sarrafa kanta. Daga nan bindigar toka, wadda wasu ke kira baushe, ta zama ta maharba da masu gadin gona da masu wasan sallah. Maƙeri ne ke haɗa ta, a sassaƙa ƙota daidai da mai ita. Wato gyara ƙota ba sabon abu ba ne a wurinmu.

To me ya bambanta? A gidan maharba ba a fara gyara bindiga don yaro, yaron ake fara gyarawa. Zai fara da danƙo da tarko, ya bi mahaifinsa daji yana riƙe jaka, ya koyi sawu da iska da yin shiru. Sai an ga hankalinsa ya zauna sannan a miƙa masa. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ma haka ta bi: ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba lasisi, kuma bindigar farauta irin ta cikin bidiyon sai da lasisin 'yan sanda.

Yau kuwa ka san halin da ake ciki a Zurmi da Shinkafi da ƙauyukansu. Kalmar "ɗan bindiga", da a da take nufin mai tsaron sarki, yanzu in an faɗe ta gaba ne ke faɗuwa, kuma cikin masu riƙe da makaman nan akwai yara ƙanana. A Satumban 2021 sai da aka katse layukan waya a Zamfara saboda wannan matsala. Kai mai waya a hannu, ai ba ka manta ba.

Don haka in bidiyon nan ya sake faɗo maka, ka kalle shi da idon wanda ya san tarihinsa. Zarto na iya rage ƙota ta yi daidai da hannun yaro, amma ba ya ƙara masa shekaru ko hankali. Kada ka tura shi zauren WhatsApp da ƙannenka suke ciki, kuma ka riƙa leƙa abin da suke kallo. Allah Ya dawo mana da zaman lafiya, Ya shirya mana zuri'a.