Mai Keken Guragu a Jirgin Ƙasan Birtaniya

A Birtaniya, ƙasar da ta haifi jirgin ƙasa, mai keken guragu ya daɗe ba shi da mazauni cikin fasinjoji. Har shekarun 1980, a jirage da yawa taragon mai gadi ake saka shi, tsakanin kekuna da buhunan wasiƙu, cikin sanyi, ba makewayi, alhali ya biya kuɗinsa.

Naƙasassun ne da kansu suka tada ƙura. Daga 1993, 'yan ƙungiyar Direct Action Network suka riƙa ɗaure kansu da ankwa a jikin motocin bas da jirage, suna tare hanya har sai 'yan sanda sun kwashe su. A 1995 majalisa ta kafa dokar hana nuna wa naƙasassu wariya. Ƙa'idojin 1998 kuma suka wajabta wa sababbin jirage tanadin wurin keke da ƙofa mai faɗi. Tsofaffin jirage daga baya aka ɗiba musu wa'adi zuwa 1 ga Janairun 2020. Da ranar ta zo, sai gwamnati ta ɗaga wa ɗaruruwan taragai ƙafa, ciki har da tsofaffin jiragen Pacer na arewacin Ingila, abin takaici bayan dogon lokacin da aka ba kamfanoni.

Doka ta gyara tarago, amma sauran aikin yana hannun mutane. A Disambar 2016, Anne Wafula Strike, 'yar tseren keken guragu haifaffiyar Kenya, ta tarar makewayin naƙasassu a jirginta ya lalace. Fitsari ya ci ƙarfinta a inda take zaune. Ta daure ta faɗa wa duniya, domin ta san ba ita kaɗai ba ce.

Babban cikas har yau shi ne ratar da ke tsakanin ƙofar jirgi da daɓen tasha, wadda galibi sai ma'aikaci ya shimfiɗa gangaren ƙarfe ake hayewa. A 2022 an rage lokacin neman wannan taimako zuwa awa 2 kafin tafiya. Duk da haka, a Agustan 2024 Tanni Grey-Thompson, mai lambobin zinare 11 a gasar Paralympics kuma 'yar majalisar dattawa, ta iso tashar King's Cross a Landan da dare, ta jira, ba wanda ya zo. Da rarrafe ta sauka. Kamfanin LNER, mai jirgin, ya ba ta haƙuri washegari.