Shaidun da ke manne a bangon kanal

Duk wanda santsi ya taɓa kwashewa a kan dutsen rafi ya taka su. Wannan yauƙi mai ruwan ƙasa da ke lulluɓe duwatsu da bangon magudanar ruwa, akasarinsa dayatom ne, wato wasu ƙwayoyin gansakuka 'yan mitsi-mitsi. Kowace na zaune cikin ɓawon silika, sinadarin da ake yin gilashi da shi, ɓawon kuma kamar gwangwani yake da murfinsa. Ba ya ruɓewa da wuri. Hatta ƙurar hunturun da ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi, wani kasonta ragowarsu ne tun zamanin da tafki ya shafe wurin.

A 1703 wani mutumin Ingila da bai bayyana sunansa ba ya aika wa Royal Society bayanin wasu 'yan akwatuna da ya gani da madubin ƙara girma a saiwar ciyawar kududdufi. Daga nan aka yi kusan shekara ɗari biyu ana sha'awarsu ana musu a kansu. Ehrenberg ya sa su cikin dabbobi a 1838, Kützing ya mayar da su cikin gansakuka a 1844, wasu kuma suna jera su a kan gilashi don ado.

Ƙazantar birni ce ta samar musu aiki. A 1905 mutanen Berlin sun haura miliyan biyu, kogin Spree da kanal-kanal ɗin da aka haƙa don jiragen dako suna shan abin da birni da masana'antu suka zubar. A 1908 Richard Kolkwitz da Maximilian Marsson suka fitar da tsarin da ya kasa ruwa mataki-mataki, daga mai tsananin ruɓa har zuwa wanda ya tace kansa, kowane mataki da halittun da ke iya zama cikinsa. Dabarar ba ta da wuyar ganewa. Gwajin sinadarai hoto ne na sa'ar da aka ɗebi ruwa. Mai masana'antar da ya saki dagwalonsa da tsakar dare ya tsira daga kwalbar ma'aikaci da safe, amma bai tsira daga abin da ya kwana cikin ruwan ba.

A ganina, Ruth Patrick ta Filadelfiya ce ta fi kowa sauya tunani. A 1948 ta jagoranci tawaga zuwa rafin Conestoga a jihar Pennsylvania, inda ta nuna cewa ba neman nau'i guda mai nuna ƙazanta ba ne abin yi, a dubi taron baki ɗaya. Lafiyayyen ruwa na ɗauke da nau'o'i da yawa, kowane kaɗan-kaɗan. Gurɓatacce kuwa nau'i biyu ko uku ne ke cinye fili. Ta kuma ƙirƙiro wata 'yar na'ura mai shawagi ɗauke da fallayen gilashi, dayatom su manne, a zo a ƙirga. Ta rasu a 2013 tana da shekara 105.

Sauran tafiyar ta lissafi ce. Lange-Bertalot a Jamus ya kasa nau'o'in bisa juriyarsu a 1979, Faransawa suka fito da ma'auninsu a 1982. Dokar Tarayyar Turai ta 1991 kan ruwan ƙazantar birane ta sa Kelly da Whitton suka tsara ma'aunin Birtaniya a 1995, mai bin sawun fosfaras. Kayan aikin dai abin dariya ne: buroshin goge haƙori da duwatsu biyar. A kankare, a wanke, a ƙirga ɓawo 300 zuwa 400. Idan nau'in dayatom da ake kira Nitzschia palea ya cika gilashin, to birni ya yi ɓarna. Inda ƙarafa masu guba suka yi yawa, ɓawon kan fito a karkace.

Sai dai a kan koguna aka gina waɗannan ma'aunai, kuma ana gwada kogi ne da yadda yake kafin mutum ya taɓa shi. Kanal fa? Ba shi da jiya, mutum ne ya haƙa shi. Ruwansa kusan a tsaye yake, jirage na tayar da laka, bangonsa bulo ne ko siminti ko ƙarfe. Shi ya sa dokar ruwa ta Turai ta 2000 ta ware irin waɗannan magudanai, ta ce a auna su da iya kyan da za su iya kaiwa. Wane ne zai yanke wannan iyaka? Har yau akwai ja-in-ja.

Abin da masu bincike suka fi dogara da shi shi ne kwatanta kanal da kansa: a ɗauki samfuri kafin ya shiga gari, a ɗauka a tsakiyar unguwanni da bakin bututu, a sake ɗauka bayan ya fita. Yanzu wasu ɗakunan gwaji sun koma karanta ƙwayar halittar yauƙin maimakon ƙirga ɓawo da ido. Amma inda babu dutsen kankarewa, dabarar Patrick ake komawa: a rataya gilashi ko guntun igiya a cikin ruwa, a dawo bayan mako huɗu, in yara ba su riga sun cire ba.