Yadda Akori-kura Ta Shiga Sahun Motocin Hot Rod

Duk wanda ya daɗe cikin wannan sana'a tamu ta raya tsofaffin motoci a ƙasar Amurka ya san cewa asalinta yana kudancin Kalifoniya, inda samari marasa abin hannu, tun cikin shekarun 1930, suka riƙa sayen tsofaffin motocin Ford da araha, su kwance duk abin da ke ƙara nauyi, su ƙara wa inji ƙarfi, sa'an nan su nufi busassun tafkunan hamada irin su Muroc da El Mirage domin gwada gudu a fili fetal, babu kwana babu gargada; irin waɗannan motoci su ake kira Hot Rod. Abin da ya buɗe musu ƙofa shi ne injin nan mai silinda takwas da Ford ya fitar a 1932, wanda talaka ke iya saye, ya kuma kwance shi a ƙofar gidansa. A 1937 ƙungiyoyinsu suka haɗu suka kafa babbar ƙungiyar SCTA; bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuwa, da sojoji suka komo gida da ilmin walda da na injuna, sai al'amarin ya bunƙasa, har Robert Petersen ya fara buga mujallar Hot Rod a 1948, Wally Parks kuma ya kafa ƙungiyar NHRA a 1951 domin a raba tsere da titunan gari.

A farkon wannan zamani akori-kura ba ta da wani matsayi face na mai hidima, ita ke jan motar tsere zuwa fili, ita ke ɗaukar tayoyi da jarkokin mai, alhali kuwa ba a waiwayarta idan an zo rabon yabo. Darajarta ta bayyana sarai ne sa'ad da Ala Kart, wadda aka ƙera a garejin Barris bisa akori-kurar Ford ta 1929, ta ci babbar lambar baje kolin Okland a 1958, ta kuma maimaita a 1959. Sannu a hankali ma'abota sana'a suka juya ga motocin gona: Chevrolet ta 1947 zuwa 1955, da Ford F-100 ta 1953 zuwa 1956, daga baya kuma Chevrolet C10 ta 1967 zuwa 1972.

Wanda bai taɓa ɗaga bodi daga kan shasi ba, ba zai gane dalilin ƙaunarmu ga waɗannan motoci ba. Ƙirarsu a bayyane take, ba ta ɓoye wa bakanike komai. Ka sauke akwatin kaya mai daɓen katako, ka sauke ɗakin direba, sai ga ƙarfe tsirara yana faɗa maka tarihinsa. A nan ne ake sanin ko motar ta tsufa a busasshiyar ƙasa kamar Arizona, ko a jihohin arewa inda gishirin da ake watsa wa hanya lokacin ƙanƙara ya cinye kusurwoyin ɗaki da gindin ƙofofi da wurin sa ƙafa. Mai amana yakan yanke tsatsa har ya kai ga lafiyayyen ƙarfe, ya yi walda da haƙuri, ɗigo bayan ɗigo, don kada zafi ya lanƙwasa faranti. Mai ha'inci kuwa yakan shafe ramin da ƙullin ciko ya lulluɓe da fenti, kuma lalle asirinsa yakan tonu bayan 'yan shekaru.

Saɓanin da ya raba mu mazhaba biyu tsoho ne. Wasu sun tsaya a kan cewa wajibi ne a mayar da mota yadda ta fito daga masana'anta, har launin fenti da batir mai ƙarfin volt shida, suna ganin duk wani ƙari bidi'a ce. Wasu kuma, tun da Chevrolet ya fitar da ƙaramin injinsa mai silinda takwas a 1955, suke dasa shi cikin kowace mota, har cikin Ford, sa'an nan suka ɗauko ƙafafun gaba na motar Mustang II, a yau kuma injin LS wanda ya fito a 1997. Ina girmama na farkon domin su ne masu tsare mana asali, amma hujjata tana tare da na biyun bisa sharaɗi guda: duk wanda ya ninka ƙarfin inji, ya bar tsohon birkin ganga da sitiyari mai wasa, haƙiƙa ya ɗauki alhakin rayukan mutane a wuyansa.

Saboda haka, ya kai mai niyyar shiga wannan aiki, ka fara kashe kuɗinka a kan shasi da birki da sitiyari kafin ka taɓa inji, fenti kuwa ya zo ƙarshe. Fuskar motar kuma ka bar ta yadda maƙeranta na farko suka zana ta.