Daga Hurumi zuwa Fuloti: Asalin Jayayyar Manoma da Hukuma a Ƙasar Sakkwato

Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Illela, ya ratsa Gwadabawa har ya dangana da kan iyakar Birnin Ƙonni, ba zai rasa ganin turakun siminti a tsakiyar gonakin gero ba. Kasuwa da zirga-zirgar kan iyaka sun sa Illela tana ta bunƙasa, kuma gari ba ya da wurin faɗaɗa sai gonakin ƙauyukan da ke maƙwabtaka da shi, irin su Darna. In manomi ya ƙi yarda a yanka gonarsa fuloti-fuloti, akan ce ƙin ci gaba ne. Maƙasudin wannan takarda shi ne ta nuna cewa jayayyar tana da asali a cikin doka, kuma ta girmi turakun da nisa.

A zamanin Daular Usmaniyya ba a ɗauki filin da ke kewaye da gari a matsayin kango ba. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, a cikin littafinsa Ta'alimur Radi, ya yi bayanin harimin gari, watau inda jama'a ke kiwo da itace, wanda ba a mallaka wa mutum ɗaya. Wannan shi ne Bahaushe ya mayar hurumi. Sarki yana ba da gona, amma wanda ya share daji ya raya shi, haƙƙinsa ya tabbata, kuma 'ya'yansa su gada.

Da Turawa suka zo, sai shelar 1910 ta sa ƙasar Arewa duka a ƙarƙashin ikon Gwamna. Dokar 1962 ta Jihar Arewa ta bi wannan sawu, ta miƙa ikon ga Minista. Sa'an nan a watan Maris na 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda har yau ita ke aiki. A nan ya kamata mu tsaya kaɗan. Sashe na 3 ya ba gwamnan jiha ikon ya ayyana kowane yanki a matsayin birni ta hanyar sanarwa a gazet. Da zarar an yi haka, ƙasar ta fita daga hannun ƙaramar hukuma ta koma ofishin gwamna, ko da kuwa babu abin da ya sauya a wurin sai takarda. Sashe na 34 ya ce wanda ke da filin da ba a raya shi ba a cikin birni lokacin da dokar ta fara aiki, rabin hekta kaɗai zai riƙe. Sashe na 29 kuwa ya taƙaita diyya ga abin da ke bisa ƙasa, kamar gini da amfanin gona. Ita kanta ƙasar ba a biyan kuɗinta. To, manomin tudu da aka zo wa da rani, bayan ya yi girbi ya kwashe kara, me za a ƙidaya masa? Sai fa kuka ɗaya da gawo biyu.

Babu inda wannan saɓani tsakanin lissafin hukuma da na manomi ya fito fili kamar Bakolori, kusa da Talatar Mafara, wadda a lokacin tana cikin Jihar Sakkwato kafin a cire Zamfara a 1996. Gaskiya ne ba faɗaɗa gari aka yi a can ba, madatsar ruwa ce. Amma ikon karɓar ƙasar iri ɗaya ne. Kamfanin Impresit na Italiya ya fara aikin a 1974 a kan Gulbin Sakkwato, ya gama madatsar a 1978. Tafkin ya cinye kimanin hekta 8,000, aka tashi dubban mutane daga fadamar Maradun aka zaunar da su a tudun da bai kai tasu albarka ba. Waɗanda ke ƙasan madatsar kuma aka hana su shuka yayin da ake baje gonaki da haƙa magudanai, aka sare itatuwansu, wasu suka yi damina fiye da ɗaya ba su noma ba.

Abin lura shi ne manoman ba da sanda suka fara ba. Sun kai kuka ga hakimai da hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima, wasu sun shiga kotu. Sai da haƙuri ya ƙare suka datse hanyoyin aikin, daga ƙarshen 1979 har cikin 1980, zamanin Gwamna Shehu Kangiwa da Shugaba Shehu Shagari. A watan Afrilu na 1980, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka faɗa wa Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Gwamnati ta faɗi adadin mamata da bai kai 30 ba. Manoma da 'yan adawa suka ce sun haura 380. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman da Bjorn Beckman, dukansu malaman Jami'ar Ahmadu Bello a lokacin, suna cikin waɗanda suka hana a binne labarin.

A ganina, abin da ya raba Bakolori da gonakin bakin gari shi ne yawan waɗanda aka taɓa a lokaci guda. Can dubbai aka tasa rana ɗaya, suka haɗa kai. A gefen gari kuwa gona ɗaya-ɗaya ake ci, bana ta wane, baɗi ta maƙwabcinsa, kuma sau da yawa ɗan wanda aka karɓe wa gonar shi ke buga bulo a fulotin da aka yanka daga cikinta.